Notin libarba da ke yawan kwancewa: yadda ake ɗaure shi ya zauna

Tambayar ta zo ne daga wani mai libarba ƙirar Smith & Wesson, samfurin 686, wanda ke zuwa filin koyon harbi a Amurka. Ya ce notin da ke gefen dama, gaba da kunama, kwancewa yake yi duk lokacin da ya harba harsashi hamsin ko sittin na .357 Magnum. Ya ɗaure shi sau uku, har bakin notin ya fara lalacewa. Yana so ya sani ko ya ɗiga masa gam mai ƙarfi ya huta.

Malam, ajiye gam ɗin nan tukuna. Notin da kake magana a kai yana cikin waɗanda ake buƙatar kwancewa lokaci zuwa lokaci, kuma idan ka kashe shi da gam mai ƙarfi, ranar da za ka so cire silinda, wato gangar da harsasai ke shiga, don wanki sai an sa wuta. Maganin ya fi haka sauƙi, amma sai an bi shi daki-daki.

Kafin komai, buɗe silinda ka zazzage harsasai, ka ƙirga su, ka leƙa kowane rami da ido, sannan ka kai harsasan wani ɗaki dabam. Kwanson da aka riga aka harba kaɗai zai zauna a kan teburin aiki, don zai yi amfani nan gaba.

Abu na farko shi ne ka san wane noti ne a hannunka. Murfin gefe na 686 noti uku ke riƙe da shi: ɗaya a gaba, ɗaya a tsakiya bayan kunama, ɗaya kuma a baya wanda mariƙin bindigar ke rufewa. Biyu na baya aikinsu riƙe murfi kawai. Na gaba kuwa aiki biyu yake yi, domin ƙarshensa yana shiga wani tsagi da ke jikin hannun da silinda ke lilo a kansa. Shi ne ke hana wannan hannu zamewa gaba. Idan ya kwance sosai, ko ya faɗi a filin harbi ba ka lura ba, da ka buɗe silinda ka karkata bakin bindiga ƙasa, silinda da hannunta za su zame su faɗo a ƙasa. Hannun nan kuma idan ya lanƙwashe ko da kaɗan, ramukan silinda sun daina daidaita da bututu, gyaran ya koma na ƙwararre.

Wannan noti iri biyu ne, ya danganta da shekarar bindigar. A tsofaffi, noti ne zalla wanda aka goge ƙarshensa da hannu a masana'anta har ya dace da bindigar da aka sa shi. Daga 1988 kamfanin ya sauya tsari, a 686 sauyin ya zo da samfurin da aka buga wa 686-3, inda notin ya zama mai ɗan babban kai, da ƙaramin tsinke mai sifirin a cikinsa. Buɗe silinda ka duba jikin firam a wurin da hannun ke kwanciya, za ka ga lambar samfurin a buge. Sanin wannan yana da amfani ta fuska biyu. Idan tsohon tsari ne, notin gaba da na tsakiya sun yi kama ƙwarai, kuma da yawa daga cikin "notin da ba ya zama" musanya su aka yi wajen mayarwa: na tsakiya ya koma gaba, ya danne hannun silinda ya hana shi lilo, mai bindiga ya ɗan sassauta shi don silinda ta buɗe, daga nan kuma kwancewa ta zama kullum. Idan sabon tsari ne, duk wani ruwan gam da ya gangara cikin tsinken zai daskarar da sifirin ɗin.

Me ke sa noti kwancewa tun farko? Idan ka ɗaure noti, jikinsa yana ɗan miƙewa kamar sifirin, wannan jan shi ke matse zarensa da zaren ramin. Notin mota dogo ne mai kauri, yana da wurin miƙewa. Na libarba gajere ne, zarensa bai fi 'yan layuka ba, don haka miƙewar tasa ƙanƙanuwa ce, abu kaɗan ke cinye ta. Kowane harbi yana girgiza firam, ƙarfe ya yi zafi ya huce, sannan ga man da ake shafa wa bindiga wanda ke bin zare yana shiga har ƙasan rami. Mai a zare shi ne babban mai laifi. Na biyu shi ne datti: burbushin hayaƙin albarushi ko tsohon gam da ya bushe a ƙasan rami ko a ƙarƙashin kan notin. Kana ɗaurewa ka ji ya tsaya, ka ɗauka ya zauna, alhali a kan datti ya tsaya. Harbi ashirin ya murƙushe dattin, noti ya sami sarari. Na uku shi ne sukudireba da ba ta dace ba, wadda ke zamewa kafin notin ya kai inda ya kamata.

A kan sukudireba zan ɗan daɗe, don bakin notinka ya riga ya nuna inda matsalar take. Sukudireba ta kasuwa bakinta kamar gatari yake, kauri a sama, siriri a ƙasa. Tsagin notin bindiga kuwa bangonsa a miƙe yake. Idan ka sa mai bakin gatari, gefen sama na tsagin kaɗai take taɓawa, kana murɗawa tana hawowa, ta tattare ƙarfen ta bar masa leɓe, wani lokaci ta kufce ta ja layi a jikin firam. Wadda ake buƙata ita ce mai baki da aka wasa gefensa biyu suka zama a miƙe, ta shiga har ƙasan tsagi ta cika shi. Brownells suna sayar da irin wannan da sunan Magna-Tip, akwai kuma na Wheeler, Grace da Chapman. Awo biyu za ka duba. Kaurin bakin ya cika tsagin ba tare da girgiza ba. Faɗinsa kuma ya kusa kai faɗin kan notin amma kada ya wuce, domin kan notin a cikin ɗan rami yake zaune, baki mai faɗi zai kankare gefen ramin. Idan babu wadda ta dace, sayi mai ɗan kauri ka goge ta da dutsen wasa har ta shiga. Sukudireba ake gyarawa ta dace da noti, tsagin notin ba a taɓa shi.

Yanzu aikin kansa. Shimfiɗa tsumma mai kauri, ka kwantar da bindigar gefen dama yana sama, silinda a rufe. Danna sukudireba ƙasa da ƙarfi, ka murɗa a hankali. Dannawar ta fi murɗawar muhimmanci. Cire notin gaba shi kaɗai. Babu dalilin ɗaga murfin gefe a wannan aiki, kuma idan wata rana ta kama, ba a sa wani abu a ɓamɓare shi, ana bubbuga firam ɗin mariƙi ne da ƙotar katako har ya taso da kansa. Idan za ka cire fiye da noti ɗaya, zana hoton murfin a kan kwali, ka huda, ka soke kowane noti a gurbinsa.

Ɗauki notin ka duba shi da gilashin ƙara girma a wuri mai haske. Zare mai lafiya kaifi gare shi, layukansa daidai. Idan ka ga layukan sun kwanta, ko suna ƙyalli kamar an goge su, ko akwai siririn gashin ƙarfe a naɗe, notin ya gama aiki. Naka da bakinsa ya riga ya lalace, shawarata ka sayi sabo kawai. Kuɗinsa bai kai na kwalin harsashi ɗaya ba, kuma na sabon tsari ba ya buƙatar a goge shi, sa shi kawai ake yi. Sau da yawa sabon yana zuwa da busasshen gam a zarensa daga masana'anta, wanda shi kaɗai kan isa. Amma ka saya da lambar samfurin bindigarka. Kada ka je shagon kayan gini neman mai kama da shi: zaren bindigogin Amurka na inci ne kuma siriri, na mita zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije, idan ka tilasta shi ka kashe ramin.

Sai wanki. Jiƙa notin a asiton, wato ruwan goge jan farce, ko sifirit mai ƙarfi na 'yan mintuna, ka goge zaren da tsohon buroshin haƙori. Ramin kuma, naɗa 'yar auduga a tsinken sakace, ka tsoma a asiton, ka murɗa ta ciki kamar kana ɗaura noti, ka sake da sabuwa har ta fito fara. Busasshen gam da ya maƙale a zare, tsinken katako ko na tagulla ake cire shi da shi, allurar ƙarfe tana yanka zare. Kiyaye asiton daga mariƙin katako da na roba, yana cin fenti yana kuma narka wasu robobi, gara ka cire mariƙin gaba ɗaya. Bar komai ya bushe minti goma.

Kafin ka sa wani gam, gwada notin a bushe. Sa shi da yatsu, ka ɗan juya shi baya har ka ji zaren ya faɗa gurbinsa, sannan ka yi gaba. Ya kamata ya tafi sumul har kansa ya zauna. Idan ya cije a tsakiya, akwai sauran datti ko zaren ya hau juna. Idan yana rawa a cikin ramin, ko ya kai ƙasa ya ci gaba da juyawa ba ya tsayawa, zaren ramin ne ya cinye, kuma babu gam da zai gyara wannan. Aikin maƙerin bindiga ne, shi zai sake yanka zare ya sa noti mai ɗan kauri.

Sau da yawa wanki da sukudireba mai kyau sun isa. Ɗaure shi a bushe, ka je ka harba hamsin, ka duba. Idan ya sake motsi, sai a zo ga gam ɗin zare.

Gam ɗin zare irin Loctite ruwa ne da ba ya daskarewa sai ya shiga tsakanin ƙarfe biyu inda iska ba ta kai. Ƙarfinsa hawa-hawa ne, kuma lamba ake dubawa, don kwalaben kamfanin ja ne ko da ruwan ciki wane launi ne. Lamba 222, mai ruwan shunayya, shi aka yi domin ƙananan notuna da ba su wuce milimita 6 ba, kuma shi ya dace da kusan kowane noti a jikin libarba. Lamba 242 da 243, shuɗi, an yi su ne domin notuna daga milimita 6 zuwa sama. Mutane da yawa suna sa shuɗin a bindiga kuma yana riƙewa, amma a ƙaramin noti mai tsagi ɗaya yakan riƙe fiye da abin da tsagin zai iya jurewa wajen kwancewa. Ja, wato 262 da 271, sai an gasa shi zuwa kimanin digiri 250 a ma'aunin Salshiyos kafin ya saki, ba shi da wurin zama a nan. Kore mai lamba 290 kuwa an yi shi ne ya riƙa tsotsuwa cikin notin da aka riga aka ɗaure, kuma wannan halin nasa ne ya sa yake da haɗari a libarba, don ba ya tsayawa inda aka sa shi, sai ya bi ya shiga cikin kayan aiki. Sufa gulu da Araldite kada ma su zo kusa.

Yawan da za a sa shi ne inda aka fi kuskure. Girgiza kwalbar, ka ɗiga ɗigo ɗaya a kan leda ko murfin kwalba, ka tsoma bakin tsinken sakace, ka shafa a layuka biyu na zaren da ke kusa da kan notin. A jikin noti ake sawa, kada a ɗiga a rami, domin wannan ramin a buɗe yake ta ƙasa, yana kaiwa ga hannun silinda. Abin da ya yi yawa ka tsane shi da gefen takarda. Idan ka ga ruwa yana ƙyalli a ƙarshen notin ko kusa da tsinken sifirin, wanke ka sake.

Wajen ɗaurewa, riƙe sukudireba da babban yatsa da yatsu biyu, ba da dunƙulen hannu ba. Murɗa har kan ya zauna, sannan ka ƙara ɗan matsi guda, ka tsaya. Masu sukudireba mai awon ƙarfi su lura: ƙananan notunan bindiga irin masu awon zare 6-48 da ake ɗaura gindin madubin saiti da su, ƙarfinsu yana wajen inci-fam 15 zuwa 20 ne, wato kusan mita-Niwton 2, kuma notunan murfin gefe ba su fi su girma ba. Kada a rikita inci-fam da ƙafa-fam, na biyun ya ninka na farko sau 12. Gam mai ruwa kuma yana sa zare santsi, don haka da shi ana ɗan rage hannu. A bindigogi masu firam na alminiyam, irin su 642 da 442, a ƙara ragewa, don can ramin ne ke fara mutuwa kafin noti.

Da ka ɗaure, kafin gam ya kama, buɗe silinda ka rufe sau biyar ko shida. Ta yi lilo ba cijewa, kuma idan ka ja hannunta gaba tana buɗe, kada ka ji yana zamewa. Goge abin da ya tsatso a gefen kan notin. Sannan ka bar ta awa 24 ba harbi, ba mai. Ita 686 da ƙarfen da ba ya tsatsa aka yi ta, kuma gam ɗin zare ya fi jinkirin kamawa a irin wannan ƙarfe da alminiyam fiye da baƙin ƙarfe, don haka kada ka gajarta lokacin. A ɗaki mai sanyi ma ƙara masa yini.

Ga wanda ke cire silinda duk wanki, akwai abin da ya fi Loctite dacewa da wannan noti. Vibra-Tite VC-3 ana shafa shi ne a zare a bar shi ya bushe kamar rabin awa kafin a ɗaura, ya zama kamar roba, ana iya kwancewa a mayar sau da dama, kuma tun da a bushe yake shiga ba ya gangarawa ko'ina. Tsohuwar dabarar jan farce marar launi ita ma a kan wannan hanya take, tana aiki daidai gwargwado, asiton kuma na wanke ta. Ko da yake, cire silinda a kowane wanki ba dole ba ne, kuma kowace kwancewa tana rage wa zaren kwana.

Bayan an gama, ja ɗan layi da fensir daga tsagin notin zuwa jikin murfin. A filin harbi kallo ɗaya ya isa ka san ko ya motsa, ba sai ka riƙa gwada shi da sukudireba ba, wanda ke karya gam ɗin da ya riga ya kama.

Tun da bindigar tana kan tebur, duba sauran wuraren da .357 ke girgizawa. Maɓallin da ake turawa a buɗe silinda yana da nasa ɗan noti mai tsagi, yana yawan ɓacewa, ɗigon 222 ya dace da shi. Notin gaba na saitin baya shi ma haka, amma notunan daidaita saiti, na sama da ƙasa da na hagu da dama, ba a sa musu komai, don juyawa ce aikinsu. A gaban firam ɗin mariƙi, can ƙasa, akwai notin da ke danne babban sifirin na guduma, wato ƙarfen da ke bugu harsashi ya tashi. Wannan a ɗaure yake zama har ƙarshe. Wasu na sassauta shi don kunama ta yi laushi, sakamakon kuwa guduma ta riƙa bugu da rauni, harsashi ya ƙi tashi, kuma notin da aka bari a sassauce ci gaba yake da fita da kansa. Duk libarbar da ta fara ƙin tashi jefi-jefi, nan ake fara dubawa.

Sai sandar fitar da kwanso, wadda ita ma a zare take ɗaure duk da ba ta yi kama da noti ba. Alamar kwancewarta ita ce silinda ta fara wuyar buɗewa, don sandar ta yi tsawo ta tokare a gaba. A nan akwai tarko. Tun wajajen 1960 Smith & Wesson suka mayar da zarenta na hagu, saboda juyawar silinda ta riƙa ɗaure ta maimakon kwance ta. Ke nan a 686, idan kana kallon sandar daga gaba, ɓangaren hagu ake murɗawa a ɗaure. Kafin ka murɗa, sa kwanso uku da aka harba a ramukan silinda, ɗaya a tsallake ɗaya, domin su tallafi tauraron da ke tura kwanso waje, in ba haka ba ƙarfin murɗawar zai sauka a kansa ya karkatar da shi. Naɗe sandar da fata mai kauri kafin filaya ta taɓa ta, ka kama kusa da gindi, ka juya silinda da hannu. Kamun ƙarshenta yana lanƙwasa ta. Cikinta akwai wani tsinke mai sifirin da dole ya riƙa motsi, saboda haka wanki da ɗauri mai kyau sun fi gam a wannan wuri. Idan kuwa silinda ta ƙi buɗewa alhali akwai harsashi a ciki, kada ka buga ta da komai, ka bar bakin bindiga yana kallon inda ake harbi, ka kira mai kula da filin.

Masu libarba irin ta da, wadda ake ɗaga gudumarta da yatsa kafin kowane harbi, kamar Colt ta 1873 da Ruger Blackhawk, su kwancewar noti abokiyar zamansu ce. Notuna biyar ke riƙe da firam ɗin mariƙin Blackhawk, kuma ana ɗaure su ne kaɗan-kaɗan bi da bi har su zauna tare. Wanda ya fi saurin tashi shi ne na gidan sandar fitar da kwanso da ke gefen bututu, zarensa gajere ne ƙwarai, ƙarfi kaɗan ke cinye shi. Notunan da guduma da kunama ke juyawa a kansu a Colt, gam ɗin a zare kaɗai yake tsayawa, santsin jikinsu mai yake so.

Idan wani ya riga ya sa ja, ko noti ya ƙi motsi, kada ka ƙara ƙarfi. Ɗora bakin ƙarfen narka darma mai zafi a kan notin minti ɗaya zuwa biyu, zafin ya bi jikinsa ya sassauta gam ɗin, ka murɗa tun yana da zafi. Wutar gas tana ɓata launin ƙarfe, tana kuma kashe sifirin da ke kusa. Notin sabon tsari da aka gasa haka, a sauya shi, don sifirin ɗin cikinsa ya sha zafi. Idan tsatsa ce ta riƙe shi, man sassauta tsatsa irin Kroil na kwana ɗaya, sannan ka sa bakin sukudireba a tsagi ka ɗan bubbuga bayanta da ƙaramar guduma kafin ka murɗa.

Ga masu karatu daga Najeriya, wannan bayani na inda doka ta yarda mutum ya mallaki libarba ne ya kuma kula da ita da kansa. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin makaman da aka haramta riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa, ta kuma taƙaita wuraren da aka yarda a gyara bindiga. Jami'in da aka ba libarbar aiki ya ga notinta ya kwance, wurin mai kula da ma'ajiyar makamai zai mayar da ita.